Koren ruwan mashigarmu, abin da muke rubutawa tun watan Fabrairu

9 Fabrairu 2025

To bismillah. Sarkin Ruwa ne ya ce tunda ni na ɗan yi lakwal, wato makaranta, kuma ina da waya sai in riƙa rubuta abin da ake ciki, kar a zo baɗi a ce wane ya ce wane bai ce ba. Mu dai muna zaune a wani lungu na tafkin Lagdo a arewacin Kamaru, inda ruwa ke shigowa tsakanin tudu biyu kamar aljihu, can muke ɗaure jirage, can mata ke wanki, can ake fiɗar kifi, can shanu ke sha, kuma can ɗin dai ake ɗiban ruwan sha tunda foraj ɗinmu, wato rijiyar burtsatse, ya lalace. Shekara ta uku ke nan da zarar ruwa ya fara ja baya sai lungun nan ya koma kore shar, bana kuma tun sanyi bai gama fita ba ya fara. Mu biyar aka naɗa, ni da Kawu da matasa biyu masu jirgi da shugabar mata masu banda. Ba wanda ya ba mu ko dala, kaye ɗin da nake rubutu ciki ma na ƙanwata ne na yage gabansa.

Ga wanda bai san wajen ba, Lagdo ba tafkin asali ba ne, 'yan China ne suka tare kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa, saboda wutar lantarki da noman rani. Kawu da idonsa ya ga lokacin da ruwa ke cinye gonaki. Iyayenmu kifi suka biyo suka zo suka zauna.

16 Fabrairu

Mun yi abin awo. Murfin bokitin fenti ne fari, na huda tsakiya na zura igiya na ɗaura tsohon ƙarfen moto a ƙasa don ya nutse, igiyar kuma na ƙulla ta duk santi 10. Sai ka sake shi a hankali ta gefen jirgi inda inuwa take har ka daina ganin farin, ka ƙirga ƙulli. Shi ke nan awon. A intanet na gani, wani ɗan Italiya mai suna Secchi ya fara shi tun 1865 kuma har yau masana da shi suke aiki, nasu dai ya fi namu kyau. Yau a lungu ƙulli huɗu ya ɓace, da muka fita fili tsakiyar ruwa sai da ya kai tara. Kawu yana ta dariya wai na zo da bokanci na turawa, amma shi ne ya fara cewa a sake gwadawa kusa da wajen fiɗar kifi. Uku.

2 Maris

An kama azumi, zafi ya fara da gaske. Kwana biyu ba rezo na waya shi ya sa ban rubuta ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a makon nan shi ne ashe kore iri biyu ne muke haɗawa da suna ɗaya, duk gansakuka muke cewa. Na yanki kara na tsoma a gindin duwatsu na ɗago, sai ga shi ya ɗauko zare-zare kamar gashi jiƙaƙƙe, yana lilo, wannan ita ce gansakukar da muka sani tun muna yara, mai santsi da ke kayar da mutum, ba ta da wata illa sosai. Da na tsoma karan a tsakiyar lungu kuwa ba abin da ya ɗauko, fitowa ya yi kamar an shafa masa koren fenti. Na cika kwalbar mayonez da ruwan na ajiye a inuwa cikin ɗaki, da safe na duba, koren duk ya taso sama ya yi layi a wuyan kwalba, ƙasa ruwa garau. Wannan alama ce ta abin da ake kira sayanobakteriya. Ba ciyawa ba ce ma, ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ke rayuwa da hasken rana kamar tsiro, suna da wata 'yar jakar iska a jikinsu da ke sa su taso ko su nutse, kuma wasunsu na yin dafi da ke taɓa hanta. Ido ba ya gane mai dafi da marar dafi, sai ɗakin gwaji.

Abin da suke so uku ne, zafi, ruwa a kwance ba motsi, da abinci. Abincin nan sinadarai biyu ne, naitirojin da fosforas, wato dai abin da ke cikin buhun yuriya da NPK da muke saye da tsada mu zuba wa albasa. Yana cikin kashin shanu, yana cikin hanjin kifi, yana cikin bayan gida, wani omo ma akwai shi. Da na zauna na lissafa sai na ga ba abin da ba ma zuba wa lungun nan, taki muke ba shi safe da yamma kamar gona.

14 Maris

Taro bayan tarawi a ƙofar gidan Jauro. Wlh na sha wuya.

Na zo da kwalbata na nuna, na yi bayani iya iyawata. Wani dattijo ya ce masu madatsa ne suka zuba magani, wani ya ce ai tun da aka daina yi wa ruwa sadaka abubuwa suka lalace, wani kuma ya ce duk laifin riƙe ruwa ne da sakinsa. Daga nan magana ta zame ta koma kan ambaliyar 2012 da ta 2022 da 'yan uwanmu na Yola da ƙasa da nan ke cewa ruwan Lagdo ne ya ci su, da madatsar Dasin Hausa da aka ce Najeriya za ta gina ta tare ruwan har yau ba a gama ba. Sai da Jauro ya buga sanda aka dawo kan lungu. Ni dai na ce musu tsayin ruwa yana da hannu, gaskiya ne, idan ya ja baya bakin lungu na ƙuntata ruwan ciki ya daina cuɗanya da na fili. Amma me ya sa lungun da ke bayan tudu, wanda ba kowa zaune, yake nan garau alhali madatsa ɗaya ce? Shiru aka yi.

Sai wani bawan Allah da ya yi shekaru yana fataucin banda ta Kusiri zuwa Njamena ya miƙe ya ce, kai yaro, abin da kake tsorata mutane da shi a Chadi miya ake yi da shi, da bakina na ci. Kuma ba ƙarya ya yi ba. A Kanem, arewa maso gabas da tafkin Chadi, matan Kanembu na kwasar wani kore daga tafkunan kanwa, su zuba a ramin yashi ruwa ya tsane, rana ta busar da shi ya zama kamar ƙosai faffaɗa a farfasa a kai kasuwa, dihe suke ce masa, turawa na ce masa sipirulina har a kwalba suke sayar da shi da tsada. Na ce Baba gaskiyarka, kuma dangi ɗaya ne da namu, amma rogo ma ai akwai na ci akwai mai kisa. Dihe a ruwan kanwa yake fitowa, ruwan da ko jaki ba ya sha, shi ya sa sauran iri ba sa iya zama tare da shi. Namu ruwan daɗi ne, wanda ke fitowa ciki daban. Ya ce to in haka ne kar a ci, ya zauna. Na ji daɗin yadda ya karɓa, don da ya ƙi da rabin wajen sun bi shi.

Abin da aka tsayar: a daina zuba hanjin kifi a ruwa, a tona rami can sama a riƙa binnewa. Maganar wanki da ta shanu an ɗaga sai bayan salla.

27 Maris

Inna lillahi. Yau bayan sahur ƙanena ya shigo a guje ya ce Yaya fito ka ga ruwa. Na ɗauki tocila muka sauka. Gari bai waye ba, iska ko kaɗan babu, ga wani wari kamar an buɗe tsohuwar masai. Na haska sai ga karfasa ɗaruruwa sun taso sama baki a buɗe suna haɗiyar iska, kana jin ƙarar bakinsu cap cap cap ko'ina, wasu sun riga sun juya ciki fari a sama. Wani ƙaton giwan ruwa da ya shigo lungu ya kwanta a gefe yana motsa kunne da ƙyar, yaro ɗan shekara goma ya kama shi da hannu ba ko gardama. Tarwaɗa ce kaɗai ba ruwanta, tana ta yawo a tsakaninsu, ita dama tana iya shaƙar iskar sama.

Ba dafi ne ya kashe su ba a ganina, shaƙewa suka yi. Da rana koren nan yana fitar da oksijin, iskar da kifi ke ja daga ruwa, da dare kuma shi ma ja yake yi, ga wanda ya mutu ya nutse yana ruɓewa a ƙasa shi ma ruɓewar na cin iskar, ga ruwan zafi dama ba ya riƙe iska da yawa. Kafin asuba sai ta ƙare ƙaf. Shi ya sa kullum da asuba abin ke faruwa, hantsi na yi waɗanda suka rage sai su koma ƙasa kamar ba a yi ba. Kwana biyu kafin nan an yi hazo rana ba ta fito sosai ba, na rubuta a kaye ban san abin da zai jawo ba.

Na yi ta roƙo kar a ci wanda ya riga ya mutu, wanda aka kama da rai kuma a cire hanji da hanta a zubar a wanke da ruwan rijiya, don in akwai dafi can ya fi taruwa. Wasu sun ji. Wasu kuwa kafin azahar hayaƙi na tashi daga tandunsu, salla saura kwana uku, yara ba kaya, me zan ce musu. Shugabar mata ta ja ni gefe ta ce Malam ka bar su yau, gobe ni zan yi magana da su. Mun kwashe abin da ya rage da taru muka binne, kwando goma sha wani abu, da azumi a baki.

Faranti, wato farin murfin awon nan, yau ƙulli ɗaya da rabi.

5 Afrilu

Na je Garwa da kwalba biyu a cikin kula da ƙanƙara, jaka huɗu kuɗin mota da mata suka tara. Ofis na farko suka ce ba aikinsu ba ne, na biyu mai sa hannu ya tafi taro, na uku wata mata ta karɓe ni da mutunci ta ce irin wannan gwajin ba su da kayansa. Ƙanƙara ta narke, na zubar da ruwan a kwata kusa da tasha na dawo. Ba zan ƙara cewa komai a kai ba.

A hanya wani ya ba ni shawara wai akwai wani shuɗin gari da ake watsawa ya kashe koren cikin kwana ɗaya. Na bincika, akwai shi, amma in ya kashe su gaba ɗaya fashewa suke yi dafin ya fita cikin ruwa, gawarsu kuma ta sake cinye iskar, shi kansa maganin yana kashe kifi in ya yi yawa. Gsky da farkon aikin nan irin wannan nake nema, abin da zan watsa a wayi gari a ce yaron nan ya iya. Na haƙura.

19 Afrilu

Maganar ruwan sha ita ce ta fi hana ni barci. Na tarar da Inna tana tafasa ruwan lungu a babbar tukunya, na ce Inna wannan fa tafasawa ba ta yi masa komai. Ta ɗago ta kalle ni ta ce ɗan nan, shekara nawa kuna ce mana mu tafasa mu tafasa saboda kwalara, yau kuma ka ce kar a tafasa? Na rasa bakin magana na ɗan lokaci, don tana da gaskiya. Na ce Inna wuta na kashe abu mai rai ne, wannan kuwa dafi ne kamar gishiri a miya, in kin tafasa ruwa ne ke tafiya shi yana nan, ƙara kauri ma yake yi. Ta ce to sai ka kawo min wanda zan sha.

Ba mu kaɗai ba ne fa. A Amurka akwai wani gari Toledo a bakin tafkin Erie, a watan Agustan 2014 aka hana mutum sama da dubu 400 shan ruwan famfo kusan kwana uku saboda wannan abu, kuma har da cewa kar su tafasa. A Botswana a 2020 giwaye sama da 300 suka mutu, gwamnati ta ce dafin irin wannan kore ne a wuraren shan ruwansu. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar dafin da ake kira maikurosistin ya wuce mikrogiram 1 a lita ɗaya ta ruwan sha, abin da ko a kan allura ba za ka gani ba. Da na faɗa wa Kawu labarin giwaye ya yi shiru, sai ya ce to dorinar da ke kwana a bakin lungu ita me take sha. Na ce Kawu ita tana da ƙafa ta fita fili, mu ne muka maƙale.

Mun tona rijiya biyu a yashi, taku talatin daga bakin ruwa, a zurfin gaba ɗaya da rabi muka tarar da ruwa, muka zura tsofaffin tankuna da aka cire wa gindi don kar ta rufta, aka yi murfi da kwano. Yashi na tace ƙwayoyin kuma yana rage dafin, ruwan na fitowa garau ba wari. Wannan shi ake tafasawa yanzu, ko a sa masa maganin kulorin. Layi yana tsawo da safe, an yi faɗa sau biyu kan bidon, amma yara uku da ke fama da ƙaiƙayi da jan ido sun samu sauƙi tunda aka hana su wanka a lungu. Wajen wanki ma an mayar da shi kusa da rijiya ta biyu, ruwan kumfa na bin wani rami da muka cika da tsakuwa maimakon ya gangara. Wannan aikin shugabar mata ne, ni ko kusa ba zan iya ba, gida gida ta bi.

3 Mayu

Shanu. Mun je wajen Ardo ni da Kawu da goro. Na zata za a sha daga, sai ya riga mu magana, ya ce maruƙa biyu sun mutu masa a watan jiya bayan sun sha a lungu da yamma, lokacin da iska ta tara koren a gaɓa ya yi kauri kamar kunu. Ya ce Malam ba mu ƙi ba, amma hanyar da muke bi mu kai fili masu albasa sun shinge ta, ta ina za mu wuce? Ashe shekara da shekaru muna zagin shanu, burtali ne aka cinye. Kwana huɗu ana kai da komo a gaban Jauro kafin masu lambu biyu su yarda su ja shinge baya. Ɗayansu har yanzu ba ya amsa min sallama da kyau, Allah ya huci zuciyarsa.

Su masu albasa abin da muka roƙa kaɗan ne, kar a watsa taki a saman ƙasa a sako ruwa a kai, a binne shi a gindi, kuma a bar taku goma tsakanin kwamin ƙarshe da ruwa.

17 Mayu

Ruwan farko ya sauka daren jiya da iska mai ƙarfi. Da safe na bi kwazazzabon da ke sauka lungu, abin da na gani ya sa jikina ya mutu, kashin shanu na rani guda, toka, leda, bayan gidan yara, duk ruwa ya share ya kai ciki. Lungu ya koma ja kamar kunun kanwa, koren ya ɓace ɗif. Mutane sai murna suke wai an rabu da bukar, wani har ya ce min ka ga Allah ya yi aikin da kuka kasa. Na ce alhamdu lillahi, ban ja ba. Laka ce ta tare hasken rana, iska kuma ta juya ruwan, shi ya sa. Abincin da ya shiga jiya zai kwanta a taɓon ƙasa, fosforas ba ya tashi sama ya tafi, zama yake yi, ranar da zafi ya dawo iska ta ƙare a ƙasan ruwa taɓon zai sake sakinsa. Ma'ana ko da mun daina zuba komai yau, abin da muka zuba shekara da shekaru yana nan yana jira, ba abin shekara ɗaya ba ne. Wannan ban faɗa a taro ba tukuna, ina tsoron gwiwa ta yi sanyi.

Faranti ƙulli biyu, amma yanzu laka yake aunawa ba kore ba, na sa alama a kaye kar mu ruɗe.

9 Yuni

Barka da salla. An yi layya lafiya, kuma abin da ya faranta min rai ban ga ko mutum ɗaya ya kai tumbi bakin lungu ya wanke ba, duk rami aka kai, ba tare da na buɗe baki ba.

Mun fara dashen jema. Matasa sun tafi fadama da jirgi sun tono kututture, muka rarraba muka dasa layi biyu a gicciye kan gangaren, tsakanin kowane da ɗan uwansa kamar faɗin tafin hannu. Saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, in ta haɗe tana zama kamar katanga, ruwa ya wuce a hankali laka da taki su tsaya a baya. Kuma ba asara, in ta girma a yanka a yi zana. A cikin kwazazzabo kuma mun jera duwatsu wuri uku. Ruwan shekaranjiya ya ture na tsakiya don mun yi shi tsaye kamar bango, Kawu ya ce dama na faɗa maka a kwantar da shi, kuma ya faɗa ɗin.

29 Yuni

Jemar layin sama ta kama, ta ƙasa awaki sun cinye kusan rabi, sai mun sake kuma mu sa ƙaya. Bayan duwatsun farko laka ta taru har ta kai idon sawu, na sa hannu na ɗebo, baƙa ce mai laushi, wani mai lambu ya ce in ba ma so shi zai kwashe ya kai gonarsa, na ce bismillah kwashe duka.

Jibi za a rufe kamun kifi na wata uku har ƙarshen Satumba kamar yadda aka saba don kifi ya hayayyafa, jirage za su hau tudu, da yawa za su koma gona. Ruwa na tasowa rijiyoyinmu biyu za su nutse, wannan mun sani, don haka kuɗin da aka fara tarawa na gyaran foraj ne, dala ashirin kowane gida duk Juma'a, an samu jaka goma sha ɗaya zuwa yanzu, mai gyara ya ce sai ya ciro bututun ya gani kafin ya yanke kuɗi. Awon faranti za mu ci gaba duk Lahadi ko da ruwa ja ne, na koya wa ƙanena saboda zan yi tafiya Marwa sati biyu. Igiyar ta fara ruɓewa wajen ƙulli na uku, duk wanda zai shiga kasuwar Lagdo ya taimaka ya sayo mana ta nailon mita biyu, zan biya.